Injin Soja da Rigar Baffa

Yayana ya dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, da ƙafa ɗaya. Ta hagu aka yanke masa ƙasa da gwiwa, aka ba shi ta katako mai maɗaurin fata, aka sallame shi. Ni ƙaninsa ne, a lokacin ina gyaran keke a Makera, a gindin wata ɗorawa kusa da hanyar jirgi. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, saboda haka a hannun ƙaninsa muka tashi. Shi ne Baffa, falken goro, mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure sai kowa ya gyara zama.

Yaya ya yi shekaru a zauren nan yana ɗinkin hula, ba ya fita sai masallaci. Sai can wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin Allah ya kawo masa aiki. Wani kamfanin masu haƙar tsakuwa da ke da yadi a bayan Kakuri yana neman mai tsaron ƙofa, kuma Baturen wurin tsohon soja ne, ya ga Yaya ya ɗauke shi. Aka ba shi kaki da makullai. Wallahi sai da na ga yayana ya koma mutum. Ya dinga aske gemu, yana goge ƙafar katakon nan da mai, yana dariya har da ƙyaƙyatawa. Kullum da safe ni ke goya shi a keke in kai shi, da yamma in ɗauko shi. Ba ya son goyon, yakan ce ana kallonsa kamar buhun gero, amma yana haƙuri.

Ana nan sai tsakuwar wurin ta ƙare, aka ce yadi zai tashi ya koma can hanyar Kakau. Nisan ya wuce na goyo a keke, ga damina ta kawo kai. Akwai motar da za ta riƙa kwasar leburori, to amma mai ƙofa shi ke riga kowa zuwa ya buɗe, kuma sabon yadin daji ne, waya da ƙofa kawai, babu wurin kwana. Baturen ya gaya wa Yaya gaskiya: in zai iya kai kansa a kan lokaci aikinsa na nan, in ba zai iya ba a ba wani. Yaya ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

Ina da wani ƙaramin inji da na tsinta a gwanjon kayan soja, injin janareta ne irin wanda suke cajin batir da shi a daji. Ɓangaren wutar ya ƙone ƙurmus, amma injin kansa lafiya lau, fistin ɗaya, ana tayar da shi da igiya. Ya daɗe a ƙarƙashin bencina kaji na kwana a kansa. Da na ga halin da Yaya ke ciki sai na jawo shi, na wanke shi da kananzir, na kankare fulogi, na hure kafireta, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Da ya tashi kuwa sai da awakin unguwa suka watse.

Ba ni kaɗai na yi aikin ba. Ina da aboki fita, wato makaniki, a loko inda ake gyaran jirgin ƙasa, Kirista ne mutumin Kagoro, wanda hannunsa ya san ƙarfe fiye da nawa. Ran Lahadi in ya taso daga coci sai ya tuɓe rigar kirki ya rataye a reshen ɗorawa, mu duƙufa. Muka yanka tsohon firam ɗin keke muka rage masa tsawo, yadda in Yaya ya zauna ƙafarsa mai lafiya za ta taka ƙasa sosai. Muka sa ƙananan tayoyi masu kauri na wani amalanken soja. Muka yi wa ƙafar katako wani ɗan mazauni da za ta kwanta a ciki kada ta zame. Komai na sarrafawa a hannu muka mai da shi, don Yaya ba shi da ƙafar taka birki.

Injin janareta ba irin na babur ba ne. An yi shi ne ya zauna wuri guda yana gudu iri ɗaya, ba shi da totur, ba shi da kuloci, ba shi da giya. Akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin a jikinsa da ’yan loko ke kira gwamna, shi ke ƙara mai in inji ya ji nauyi, ya rage in ya ji sauƙi. Abokina ya ce mu cire shi mu yar. Na ce a’a, yayana ba tsere zai yi ba, kada inji ya haukace da gurgu a kai. Muka yi ta musu har muka yi fushi da juna, daga baya muka ɗaura wayar birkin keke a jikin sifirin ɗin, in an matsa gudu ya ƙaru kaɗan, in an saki ya koma. Maimakon sarƙa muka sa bel na injin niƙa, daga ƙaramin faifan inji zuwa wani wilin keken yara da muka ɗaure a tayar baya. Bel ɗin a sake yake, sai an ja wani hannu ya matse shi sannan babur ya tafi. Bel na farko ya ƙone ya yi ta hayaƙi, noti-noti suka riƙa kwancewa saboda rawar inji, sai da muka shimfiɗa yankakkiyar taya a ƙarƙashinsa ya natsu. Ba kyakkyawa ba ne, ba zan yi ƙarya ba, ya fi kama da jaki mai ciki. Amma na kewaya ɗorawa da shi, yana tafiya, yana tsayawa in an ce tsaya.

Abu ɗaya ya rage, murfin bel. Abokina ya yanka gwangwanin kananzir zai yi shi, ya ce mu bari tukuna mu ga yadda bel zai zauna da nauyin Yaya kafin mu rufe. Ba mu damu ba, don Yaya gajeren wando da kaki yake sawa, babu abin da zai kama. Muka shirya ran Lahadi bayan la’asar mu kai shi wani fili bayan hanyar jirgi, mu uku kawai, ya koya a natse.

To, a gidanmu akwai wata al’ada. Duk sabon abin da ya shigo, Baffa ne ke fara sa masa hannu. Sabuwar doya shi ke fara ɗanɗanawa, sabuwar fitila shi ke fara kunnawa, ko tabarma aka saya sai ya fara zama a kai ya sa albarka. Ni na san da wannan, shi ya sa ban kai babur ɗin gida ba. Yaya kuwa, da biyayyarsa da ta yi masa yawa, sai ya je ya durƙusa ya shaida wa Baffa, wai a sa mana albarka. Baffa ya ce madalla, a kawo shi ƙofar gida ya gani. Da Yaya ya gaya mini sai da na jefar da sifana.

“Yaya, wa ya aike ka?”

“Kai fa ba ka da kunya. A yi abu kamar wannan a ɓoye wa Baffa?”

Ran Lahadi muka turo babur ɗin muka tarar da ƙofar gida cike. Baffa ya gayyato abokansa na kasuwa, an shimfiɗa tabarmi, an kawo goro. Matan da ke ɗibar ruwa a famfo sun ajiye tuluna suna kallo. Shi kuma ya fito cikin babbar rigarsa ta sallah, baƙa wuluk, ta sha shuni da bugu tana walƙiya, aikin wuyanta har cibiya. Ya kewaya babur ɗin, ya ƙwanƙwasa tanki da yatsa, ya yi bisimilla, sai na ga ya ɗaga ƙafa zai hau. Ni na yi zaton taɓawa kawai zai yi.

Na matsa na durƙusa kusa da shi, na yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji. Na ce, “Baffa, in za a hau, a tuɓe rigar nan a hau da ’yar ciki. Bel ɗin nan a buɗe yake, in ya kama tufa ba ya saki.”

Maganar da na yi a asirce sai ya mai da ita ta kasuwa. Ya juya wajen abokansa ya ce, “Ku ji mini ɗan nan! Wai in tuɓe riga a ƙofar gidana gaban jama’a. Dambe zan yi?” Aka fashe da dariya. Ya ce shi da ya hau doki da rigar nan, ya hau jirgin ƙasa har Ikko da ita, wannan ɗan gwangwanin ne zai gagare shi? Abokina fita ya cire hularsa ya ce, “Baba, gaskiya ya faɗa, inji ba ya sanin babba.” Wani tsoho daga kan tabarma ya katse shi, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ka ji fa! Mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba. Na duba Yaya ko zai sa baki, tunda ƙafarsa ce da aikinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yi shiru, tayar masa.”

Na tayar. Na nuna masa hannun da ke matse bel da hannun birki, bai ko kalle ni ba. Abin da ya yarda ya yi kawai shi ne naɗe hannayen rigar ya ɗora a kafaɗa yadda manya ke yi, na kuma tattara gindinta na cusa masa a ƙarƙashin cinya yana harara ta. Ya ja hannu, babur ya ɗan zabura ya tafi. Kuma wallahi ya tafi lafiya! Ya miƙe layin nan tiryan-tiryan, yara na bin sa da ihu, ya kai bakin famfo ya juyo da kyau. Har na fara sakin numfashi.

Yana dawowa daidai tabarmar abokansa sai ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce, “Ranka ya daɗe, sarkin hawa!” Baffa kuwa ba a gaishe shi ya ƙi amsawa. Ya saki kan babur da hannun hagu ya ɗaga ya jinjina. Hannun riga ya silalo daga kafaɗa, ya zubo ƙasa, bel ya cafke. Na ji ƙyaaat, rigar ta tsage tun daga wuya. Inji ya naɗe ta yana ja, ya karkato da Baffa gefe guda, sannan injin ya shaƙe ya mutu, su duka biyu suka kife cikin kwata. Hula ta yi nata wuri.

Muka ruga muka ɗaga shi. Babu karaya, babu targaɗe, gwiwar hannu ce kawai ta ɗan kuje. Amma ga shi tsaye daga shi sai wando da rabin ’yar ciki, baƙin ruwan kwata na ɗiga daga gemunsa, sauran rigar a naɗe a jikin faifai. Wata daga cikin matan famfo ta kasa riƙewa ta tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka, har abokan nasa suna rufe baki da hannun riga. Ni ban yi dariya ba, babur ɗin nake dubawa. Kansa ya ɗan lanƙwashe, bel ya tsinke, shi ke nan, aikin yini guda.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ranar na gani da idona. Baffa ya nuna ni da yatsa, ya ce da gangan na yi, na haɗa tarko don in kunyata shi a gaban mutane. Ni da na durƙusa na roƙe shi! Sannan ya ɗaga murya yadda har na bakin famfo za su ji, ya ce, “Wallahi tallahi, muddin ina numfashi, babu ɗan gidan nan da zai sake hawa wannan shaiɗanin abu.” Ya shige gida. Aka fara naɗe tabarmi.

Kashegari kafin azahar na gyara shi. Na miƙar da kan, na sa sabon bel, abokina ya zo da yamma ya ɗaura murfin gwangwani. Na je na samu Yaya a zaure na ce ya taso mu tafi fili.

Ya ce, “So kake in karya wa Baffa rantsuwa?”

Na ce, “Ƙafarka ce aka yanke ko tasa? Shi ya sa rigar, shi ya ɗaga hannu, kai me ka yi?”

“Shi ya riƙe mu tun ba mu san kanmu ba. Bin na gaba bin Allah.”

“To shi na gaban, wa yake bi? Yaya, aikinka zai tafi fa!”

Ya ce in Allah ya rubuta nasa ne ba zai tafi ba. Kai, raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya shiga dajin Bama harsashi na wucewa ta kunnensa, ga shi yana tsoron wata magana da tsoho ya faɗa da ruwan kwata a gemu. Na gaya masa haka, ya ce in fita masa daga zaure.

Daga nan na wuce wajen limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin hali, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce ai wannan ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya warware ya yi kaffara, kuma kaffarar mai hali irin Baffa ita ce ya ciyar da miskinai goma. Ya ce shi da kansa zai je ya same shi. Ya kuwa je, ina rakiye da shi a baya. Baffa ya tarbe shi da fara’a, ya sa aka kawo goro fari, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, na ji, kuma na san haka yake a littafi. Amma magana ta riga ta fita a gaban mutane.” Liman ya sake lallashi, Baffa ya sake miƙa masa goro. Da muka fito Liman ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Haƙurin me? Girman kai rawanin tsiya ne, sai dai a gidanmu wani ne ya naɗa, wani ya ɗauki nauyin.

Yadi ya tashi. Na ce to, ko zan mutu sai na kai shi, na koma goyo a keke. Muna fita da an sallame asuba, hanya duk taɓo, tayar baya na nutsewa, in mun zo hawa in sauka in tura shi yana zaune yana kau da kai kada mu haɗa ido. Wani wurin dole shi ma ya sauka ya taka, ƙafar katako na kafewa a laka, maɗaurin na goge masa dungu har ya fara jini. Mukan isa mu tarar da motar leburori a bakin ƙofa, mutane na zaune a kai suna jiran makulli. Babur ɗin kuwa yana can gindin ɗorawa lulluɓe da buhu, da mai a tankinsa. Duk wanda ya zo ya taya sai in ce ba na sayarwa ba ne, ina ta sa ran Baffa zai huce.

Baturen ya yi haƙuri iya nasa. Wata safiya da aka kwana ana ruwa, rafi ya cika, muka isa rana ta take. Ya kira Yaya gefe ya yi masa magana a hankali, ba faɗa ba zagi, ya karɓi makullai ya ba wani mutumin ƙauyen da ke kusa. Yaya ya ƙame ya sara masa irin ta soja. Na goyo shi muka dawo gida.

Jumma’ar da ta biyo baya na dawo daga masallaci na tarar da ƙofar gidanmu kamar kowace Jumma’a. Baffa yana sadakar tuwo bayan an sauko, makafi da guragu sun jeru a jikin bango, ana zuba musu yana tsaye yana kallo cikin sabuwar riga. Na dube su, sun fi goma nesa ba kusa ba. Tuwon da Liman ya faɗa ga shi nan ana rabawa, an riga an dafa, an riga an zuba. Na matsa kusa da shi na ce, “Baffa, ga su nan sun fi goma. Niyya ce kawai a zuci, babu ma wanda zai ji. Ko yanzu aka warware zan kai shi wajen Baturen nan mu roƙa.” Bai juyo ba. Ya ce wa mai rabo ya ƙara wa makahon can miya.

Sai ga Yaya ya fito daga zaure da sanda, ba ƙafar katako, don dungun ya kumbura ba ya shiga maɗauri. Ya nemi inuwa ya zauna a jikin bangon nan, ɗan nesa kaɗan da na ƙarshen layi, da hular da ya fara ɗinkawa a hannunsa. Baffa ya hango shi, ya nuna shi da haɓa ya ce wa mai rabo, “Zuba wa wancan ma, tunda yanzu ba shi da abin yi.”

Na jira in ga yayana ya ture kwanon nan. Ya ajiye hula, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, “Allah ya saka da alheri, Baffa.”